Kun Tambaya, Mun Amsa: Tsofaffin Distiroyoyin “V da W” da Hidimarsu a Yaƙe-yaƙen Duniya Biyu

A fitowar da ta gabata mun yi bayani a kan tashar jiragen ruwa ta Takoradi, wadda aka buɗe a 1928, kuma a cikin bayanin mun ambaci tsofaffin jiragen yaƙin Ingila da suka riƙa yi wa ayarin jirage rakiya a gabar tekunmu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan ɗan ambato ya jawo wasiƙu da dama, ga uku daga cikinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Marigayi kakana na wajen uwa ya yi soja tun ana kiran ƙasar nan Gold Coast, kuma yana cikin waɗanda aka ɗiba a jirgin ruwa a yaƙin Hitila. Ya sha ba mu labarin waɗansu ƙananan jirage ruwan toka masu bututun hayaƙi biyu, ɗaya siriri ɗaya kakkaura, waɗanda suke kewaya babban jirginsu dare da rana, kuma ya ce an gaya musu cewa jiragen sun girmi yawancin samarin da ke aiki a cikinsu. Shin waɗanne jirage ne waɗannan, kuma me ya kawo su ruwanmu? Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan kakanka, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Kwatancen da ya yi ya dace da jerin distiroyoyin Ingila da ake kira “V da W”, domin sunan kowannensu yana farawa da ɗaya daga cikin haruffan nan biyu, kamar Velox da Vidette da Walker da Wakeful. Bututun nan biyu da ba su yi daidai ba su ne babbar alamarsu. Tukwanen tururi uku ne a cikin kowane jirgi, siririn bututun yana fitar da hayaƙin tukunya ɗaya, kakkauran yana fitar da na biyu. A yawancinsu siririn ne a gaba, amma a waɗanda aka ƙera daga ƙarshe an juya tsarin, kakkauran ya koma gaba.

Distiroya ƙaramin jirgin yaƙi ne mai tsananin gudu. A farkon ƙarni na 20 aikinsa biyu ne: ya tsare manyan jiragen yaƙi daga ƙananan jiragen abokan gaba masu harba topido, wato makamin nan mai inji da ke gudu a ƙarƙashin ruwa ya fasa cikin jirgi, sannan shi ma idan ya sami sarari ya kutsa ya harba nasa. A 1916, ana tsakiyar yaƙi da Jamus, hukumar sojan ruwan Ingila ta ba da odar waɗansu jirage 5 da suka ɗan fi na lokacin girma domin su riƙa jagorantar sauran, su ne Valentine da Valhalla da Valkyrie da Valorous da Vampire. Da labari ya iso cewa Jamusawa suna ƙera manyan distiroyoyi masu manyan igwa, sai aka ga babu abin da ya fi sauƙi illa a ɗauki zanen jagororin nan a yi ta ƙera irinsu da yawa. Kamfanoni irin su John Brown da Denny a kogin Clyde, da Swan Hunter a kogin Tyne, da Thornycroft a Southampton suka raba aikin. An kammala guda 67, aka soke odar waɗansu da dama da yaƙi ya ƙare.

Tsawon kowannensu kimanin mita 95 ne, nauyinsa wajen tan 1,100, yana ƙona mai maimakon gawayi, injinansa suna ba da ƙarfin doki 27,000, kuma yana iya gudun kilomita 63 a sa'a. Abin da ya bambanta su da waɗanda suka gabace su shi ne yadda aka girka igwa huɗu, biyu a gaba biyu a baya, kowace ta biyu a kan dandamali sama da 'yar'uwarta. Da wannan tsari igwa biyu suna iya harbi gaba a lokaci guda, kuma ta sama ba ta shan dukan igiyar ruwa idan teku ta ɓaci. Faɗin bakin igwar inci 4 ne, na ƙarshen jerin kuma aka ba su mai inci 4.7. Zanen ya yi kyau har kusan duk distiroyoyin da Ingila ta ƙera zuwa tsakiyar shekarun 1930 a kansa aka ɗora su.

A yaƙin da aka ƙera su dominsa ba su yi wani dogon aiki ba, domin sai a 1917 na farkonsu suka shiga ruwa. A daren 22 zuwa 23 ga Afrilu 1918 Admiral Roger Keyes yana cikin Warwick ya jagoranci farmakin da aka kai don toshe mashigar Zeebrugge ta Beljiyam, inda jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suke fitowa, kuma a watan Mayu, a dawowa daga irin wannan farmaki a Ostend, Warwick ɗin ya taka nakiya, da ƙyar aka jawo shi gida. Vehement kaɗai aka rasa kafin a tsagaita wuta, shi ma nakiya ya taka a watan Agusta 1918 yana kan hanyar zuwa dasa wa Jamusawa nakiyoyi. Daga nan aka tura da yawansu tekun Baltik, inda Ingila take mara wa Estoniya da Latbiya baya a kan 'yan Bolshebik na Rasha. A Disamba 1918 suna cikin jiragen da suka kama distiroyoyin Rasha biyu, Spartak da Avtroil, aka miƙa wa Estoniya, amma a 1919 aka rasa Vittoria, wanda jirgin ƙarƙashin teku Pantera ya harbe, da Verulam, wanda ya taka nakiya. Bayan wannan sai shekaru na atisaye da sintiri, sannan aka ɗaure yawancinsu a tasha a matsayin ajiya, aka farfasa kaɗan.

Ajiyar nan ce ta yi rana. Da yaƙi ya sake ɓarkewa a 1939, kusan 60 daga cikinsu suna nan, Ingila kuwa tana cikin matsanancin ƙarancin jiragen rakiya, har ta kai a Satumba 1940 ta karɓi tsofaffin distiroyoyi 50 daga Amurka a madadin ba ta izinin kafa sansanoni a yankunan da take mulka. Wanda yake aron tsoffin jiragen wani ba zai bar nasa a ɗaure ba.

Abin da ya kawo su ruwanmu kuwa shi ne shigar Italiya yaƙi a Yuni 1940. Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen kaya, don haka duk jirgin da zai je Masar ko Indiya dole ya gangaro ta Afirka ta Yamma ya kewaya ta Afirka ta Kudu. Dakar tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy mai biyayya ga Jamus, saboda haka Firitawun ta Saliyo ta zama matattarar ayari. Takoradi kuma, ban da manganis na Nsuta da koko da katako da take fitarwa, ita ce inda ake sauke jiragen sama a cikin akwatuna, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Ta tashoshin jiragen ruwan gabar nan ne aka kwashi sojojin Afirka ta Yamma zuwa Kenya a 1940 don yaƙar Italiya a Somaliya da Habasha, sannan a 1943 da 1944 zuwa Indiya don yaƙin Bama. Jamusawa sun san da haka sarai. A 1941 jirgin ƙarƙashin teku guda ɗaya, U-107, ya nutsar da jirage 14 a fita ɗaya, yawancinsu a wajen Firitawun. A wannan shekara aka girke waɗansu daga cikin tsofaffin nan a can, ciki har da Velox da Vansittart da Wild Swan da Wivern.

Tsarin ayari ba baƙon abu ba ne ga jikokin fataken da suka yi safarar goro daga Salaga zuwa Kano: ana haɗuwa a zango a tashi tare, ana tafiya da saurin dabbar da ta fi kowace nauyin kaya, masu makamai suna gaba da gefe da baya, wanda ya ware kuma shi 'yan fashi suke samu. Ayarin jiragen kaya ba ya wuce kilomita 13 zuwa 17 a sa'a, shi ya sa kakanka ya ga distiroya tana kai da komowa, domin tana sauraren ƙarƙashin ruwa ne ta kowane ɓangare. Irin abin da ke faruwa idan rakiya ta yi ƙaranci ya bayyana a daren 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu 1943, lokacin da ayari mai lamba TS 37 ya tashi daga Takoradi zuwa Firitawun da jiragen kaya 18, ba tare da distiroya ko ɗaya ba, sai ƙananan jiragen rakiya huɗu marasa gudu. Jirgin ƙarƙashin teku na Jamus U-515, ƙarƙashin Werner Henke, ya nutsar da 7 daga cikinsu kafin gari ya waye.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni bakanike ne, kuma wani abokin aikina ya ce ya ji an cire wa waɗannan jirage tukunya ɗaya da gangan aka rage musu gudu. A sana'armu inji ƙara masa ƙarfi ake yi. Ina hikimar rage wa jirgin yaƙi gudu ana tsakiyar yaƙi? Daga wani mai karatu a Suame Magazin, Kumasi.

AMSA: Barka kadai, Maigida. Abokin aikinka gaskiya ya faɗa, kuma a ganina wannan gyara shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa a duk tarihin jiragen nan. An zana su ne domin Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Jamus, inda jirgi zai fita da gudu ya yi faɗa ya koma tasha cikin kwana biyu ko uku. Tankokin mansu daidai wannan aiki ne. Yaƙin 1939 kuwa ya zo da wata buƙata dabam, wato a bi ayari a hankali har tsawon mako biyu a tekun Atlantika, kuma da farko sai ka ga distiroya ta raka ayari rabin hanya ta juyo saboda mai ya kusa ƙarewa, ta bar jiragen kaya a daidai inda Jamusawa suke jira.

Sai injiniyoyi suka yi lissafi. Jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ba ya wuce kimanin kilomita 32 a sa'a idan yana saman ruwa, idan ya nutse kuwa bai fi 14 ba. Ke nan gudun kilomita 63 ya yi yawa, bugu da ƙari na'urar Asdik, wadda take aika sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwarsa idan ya bugi ƙarfe, ba ta jin komai idan jirgi yana tsala gudu. Don haka daga 1941 aka fara cire tukunyar gaba tare da siririn bututunta, aka mayar da ƙasan ɗakinta tankin mai, samansa kuma wurin kwana. Gudu ya sauko zuwa kimanin kilomita 45 a sa'a, wanda har yanzu ya fi ƙarfin abin farauta, zangon da jirgin ke iya ci kuwa ya ƙaru sosai. Aka rage igwa da bututun topido, aka cika bayan jirgi da gangunan bam da ake gangarawa cikin ruwa su fashe a zurfin da aka saita. Wajen 20 aka yi wa wannan gyara. Na ƙarshen jerin, masu kakkauran bututu a gaba, ba su gyaru ta haka ba, domin ɗakin gaban nasu tukwane biyu ne a ciki, sai aka bar su da gudunsu. Waɗansu kuma tun daga 1938 aka sauya musu igwa da masu harbo jirgin sama, suka riƙa raka jiragen gawayi a gabashin Ingila.

Abin da ya sa duk wannan ya yiwu shi ne tun asali an ƙera su da ɗan sarari fiye da buƙatar 1917, kuma gangar jikinsu tana da ƙwari. A kan Westcott aka gwada makamin Hedgehog, mai jefa ƙananan bama-bamai 24 gaban jirgi a lokaci guda. Amfaninsa shi ne Asdik takan rasa abin da take bi idan an zo dab da shi, gangunan bam kuwa sai jirgi ya wuce ta kan abokin gaba ake sakinsu, a wannan ɗan tsakani ne ƙwararren kwamanda yake zillewa.

Daren da ya fi nuna amfaninsu shi ne na 16 zuwa 17 ga Maris 1941, a rakiyar ayari mai lamba HX 112 da ya taso daga Kanada. Vanoc ya hango U-100 da na'urar rada a cikin duhu, abin da ba a taɓa cin nasarar yi wa jirgin ƙarƙashin teku ba kafin nan, ya bi ta kansa ya murƙushe shi, kwamandansa Joachim Schepke ya mutu a wurin. Ba a jima ba Walker, ƙarƙashin Donald Macintyre, ya tilasta wa U-99 fitowa sama, aka kama Otto Kretschmer, wanda ya nutsar da jirage fiye da 40 kuma babu kwamandan Jamus da ya kai shi ɓarna a duk yaƙin. Jiragen da suka yi wannan aiki kowannensu ya haura shekara 22.

Kada a ɗauka rayuwa a cikinsu daɗi gare ta. An yi su ne don mutum 110 zuwa 130, amma kowace sabuwar na'ura tana zuwa da masu kula da ita, har waɗansu suka ɗauki kusan 170. A gadon lilo ake kwana, wurin da kwamanda yake tsayawa ya sarrafa jirgi a buɗe yake ga iska da ruwa, rufi yana yoyo a Atlantika, a Firitawun kuwa ƙarfen da aka tanada don sanyin Tekun Arewa yakan ɗau zafi ga ƙarancin ruwan sha ga zazzaɓin cizon sauro. Masu aikin ɗakin inji, 'yan'uwanka a sana'a, su suka fi kowa shan wuya, domin bututun tururin da ya shekara 25 ba ya rabuwa da ɗinki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce, ina koyar da tarihi. Nawa ne daga cikin jiragen nan suka halaka a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma akwai wanda ya rage da mutum zai iya zuwa ya gani? Daga wata mai karatu a Nima, Accra.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba da ladan koyarwa. Fiye da goma sha biyar aka rasa, kuma watan Mayu 1940 ya fi kowane muni. Jiragen saman Jamus sun hallaka Valentine da Whitley da Wessex a gabar Holan da Beljiyam da Faransa cikin kwana goma. A ranar 23 ga watan, a Boulogne ta Faransa, Whitshed da Venomous da Wild Swan da waɗansu sun shiga har cikin tasha suna kwasar soja, suna harbin tankokin yaƙin Jamus da igwarsu ido da ido, Vimiera shi kaɗai ya fito da mutum wajen 1,400. A ranar 29 kuma, ana kwashe sojojin Ingila da na ƙawayenta 338,000 daga Dunkirk ta Faransa, wani ƙaramin jirgin Jamus ya harbi Wakeful da topido ya rabe biyu, yana ɗauke da soja kimanin 640 a ɗakunan ƙasa, kusan dukkansu suka mutu. Wild Swan, wanda ya yi aiki a ruwanmu, ya nutse a Yuni 1942 a mashigin Biscay bayan artabu da jiragen saman Jamus. Veteran ya tafi da duk mutanensa a Satumba 1942, Warwick kuwa, wanda ya tsira daga nakiyar 1918, U-413 ya nutsar da shi a gabar Cornwall ta Ingila a Fabrairu 1944.

Akwai huɗu da aka ba Ostareliya a 1933, wato Vampire da Vendetta da Voyager da Waterhen, kuma labarinsu zai yi wa ɗalibanki daɗin ji. Da aka kawo su Bahar Rum, farfagandar Goebbels, ministan farfaganda na Hitila, ta yi musu ba'a da cewa tarin tsoffin ƙarafa ne, su kuwa matuƙan suka karɓi sunan suka mai da shi abin tinƙaho. A 1941, lokacin da dakarun Rommel, kwamandan Jamus, suka yi wa Tubruk ta Libiya ƙawanya, su ne suka riƙa shiga da dare da harsashi da abinci, su fito da masu rauni kafin asuba. Vendetta ya yi wannan zirga-zirga sau 39, fiye da kowane jirgi, Waterhen kuma a kan wannan hanya ya nutse a ƙarshen Yuni. Jiragen saman Japan sun nutsar da Vampire a gabar Silon, wato Siri Lanka ta yau, ranar 9 ga Afrilu 1942, Voyager kuma ya kafe a rairayin Timor a Satumbar shekarar yana sauke soja, mutanensa suka tarwatsa shi da kansu don kada ya faɗa hannun Japan.

Game da ganin ɗaya daga cikinsu, babu ko guda da aka adana. Waɗanda suka ga ƙarshen yaƙi sun riga sun gaji, kuma cikin 'yan shekaru bayan 1945 aka sayar da su ga masu farfasa jirage, gangar Vendetta kuwa aka ja ta zuwa wajen Sidni aka nutsar a 1948. Ɓaraguzan Wakeful suna nan a ƙarƙashin ruwa kusa da gabar Beljiyam, ana kiyaye su a matsayin maƙabartar yaƙi. Wanda ya je Ingila yana son ya ga yadda cikin distiroyar wancan zamani take, sai ya nufi tsohuwar tashar Chatham, inda aka ajiye Cavalier, wanda aka ƙera a 1944. Ya fi su ƙuruciya da girma, amma tsarin igwarsa, biyu a gaba ɗaya sama da ɗaya, daga nasu ya samo asali. A nan gida kuwa, idan kina son ki kai ɗalibai su ga kayan yaƙin da sojojin da aka yi wa rakiyar suka dawo da su daga Habasha da Bama, gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar Kumasi yana buɗe ga masu ziyara.